Aji Ɗaya, Yara Iri-Iri: Daɗi da Wuyar Koyar da Ɗalibai Masu Buƙatu Daban-Daban

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar ajin firamare da hantsi, a Kano ne ko Gusau ko Azare, ya san wannan amon. Malami ya rubuta jimla a allo, ya nuna da sanda, yara su maimaita da murya ɗaya har kwanon rufi ya amsa. Sai ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun gane, Malam!"

A cikin masu amsawar akwai yarinyar bencin baya da take ganin allo hazo-hazo, ba ta ma san cewa sauran yara tar suke ganin haruffa ba. Akwai yaron da sanƙarau ya taɓa wa kunne yana ɗan shekara huɗu, yana kallon leɓen na kusa da shi yana motsa nasa. Akwai wanda ido da kunne lafiya lau, ya fi yayyensa iya lissafin canji a kasuwa, amma haɗa baƙi da wasali ya gagare shi shekara uku. Akwai mai amosanin jini da ta dawo jiya bayan makonni a gadon asibiti, ta tarar an wuce ta babi biyu. Akwai kuma wanda ya gane darasin tun malam bai ajiye alli ba, yanzu gundura ta sa shi tsokanar na gabansa. Dukansu sun ce sun gane, kuma malami ɗaya ne a kansu, da alli ɗaya, da 'yan mintoci kafin a kaɗa ƙararrawa.

Koyar da irin wannan aji yana cikin ayyuka mafiya wuya a harkar ilimi, kuma shi ne aikin da aka fi barin malami ya yi shi kaɗai. Waɗanda suka daɗe a cikinsa sun san wahalarsa ciki da bai. Sun kuma san abin da na waje ba su cika sani ba: yawancin yaran da ake yanke wa hukuncin "wannan ba na karatu ba ne", karatun ne bai zo musu ta hanyar da za su iya karɓarsa ba.

Yawansu ya wuce yadda ake zato

A shekarar 2021 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya suke da wata larura ta gani, ko ji, ko motsi, ko fahimta, wato yaro ɗaya cikin kowane goma. Rahoton ya nuna cewa yiwuwar irin wannan yaro ya tashi bai taɓa taka makaranta ba ta zarce ta sauran yara da kashi 49 cikin ɗari. Ko da rabinsu ne suka samu shiga, ajin da ke da yara tamanin ba zai rasa kamar huɗu ba.

Arewacin Nijeriya yana da nasa dalilan na musamman. Yankin yana cikin ɗamarar ƙasashen da sanƙarau ke addaba duk lokacin zafi. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe sama da 11,000, kuma kurumta na daga cikin abin da cutar kan bar wa waɗanda suka tsira. Ƙyanda, idan ta haɗu da rashin abinci mai gina jiki, tana iya tafiya da ido. An yi nasara a kan shan inna, domin tun 2016 ba a sake samun asalin ƙwayar cutar ba, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita; amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan, da yawansu matasa ne masu neman ilimi. Ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da amosanin jini kowace shekara a Nijeriya. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Zamfara a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, ita kuwa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaron da ya rayu. Ga kuma tamowa, wadda ke rage wa yaro ƙarfin riƙe abu tun kafin ya san hanyar makaranta.

Duk waɗannan yara, in dai an kai su makaranta, gaban malami suke zuwa. Ba likita ne ke fara ganin su ba, ba kuma jami'in ma'aikata ba.

Abin da muka gada, da abin da ya zo daga baya

Koyar da kowa gwargwadon ƙarfinsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ya biya wa wannan babbaƙu, ya biya wa wancan farfaru, ya saurari haddar na uku, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Gardi yana taimakon kolo. Ba a cewa an wuce wani, domin ba tare ake tafiya ba. A wannan tsari makaho mai kaifin kunne ya samu wurin zama, har ƙasar nan ta yi alarammomi makafi masu yawa. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, kuma iliminsa ya kai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Duk ɗalibin Islamiyya ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, sahabi makaho da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kan lamarinsa lokacin da ya zo neman ilimi, wanda ya zama ladani, aka kuma sha bar masa riƙon Madina.

Sai dai gadon yana da ɗaya fuskar. Al'ummar da ta girmama makaho mahaddaci ita ce kuma ta saba ganin makaho da gurgu da ƙoƙon bara, har iyaye da yawa suka ɗauka nan ne iyakar rabon ɗansu. Kurma kuwa, da yake karatun allo da kunne ake ɗaukarsa, galibi sai dai ya tashi a gona ko wajen sana'a.

A ɓangaren boko, makarantar makafi ta Gindiri, a jihar Filato ta yanzu, ita ce ta farko a Nijeriya. 'Yan mishan suka buɗe ta a 1953. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a Afirka. Shekarar 1977 ta zo da manufar ilimi ta ƙasa wadda ta ware sashe guda ga ilimi na musamman, aka kuma buɗe kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo. A ƙarshen shekarun 1970 ne Kano ta samu makarantar Tudun Maliki, inda kurame da makafi ke karatu har yau.

Daga nan tunanin duniya ya sauya. A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyi 25 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifaniya, suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro, maimakon a ware wasu can gefe. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu larura ta 2006 ta ƙarfafa wannan, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su, ta kuma ce a sa rubutun makafi da maganar hannu a manhaja. A takarda, an gama magana. A aji ne aikin yake.

Ɗigo shida a ƙarƙashin yatsa

A ajin farko na makarantar makafi, kafin yaro ya taɓa takarda sai an fara koyar da yatsunsa. Malama kan zuba gero da dawa da wake a faranti ɗaya ta ce ya ware kowanne gefe guda, don kan yatsa ya saba rarrabe ƙananan abubuwa. Daga nan a jera masa marafan kwalba shida, uku a hagu, uku a dama, a koya masa lambar kowane gurbi. Wannan gida mai ɗigo shida shi ne tushen rubutun birel, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro a 1824 yana ɗan shekara 15. Daga ɗigon shida ake fitar da alamomi 63, su ne suke ɗaukar haruffa da lambobi da sauran alamomin rubutu.

Wuyar tana wajen rubutawa. Ana maƙala takarda mai kauri a allon birel, yaro ya riƙa danna ɗigo da ɗan ƙarfe mai tsini. Da yake ta bayan takardar yake dannawa, dole ya faro daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye. In ya gama ya birkice takardar ya karanta daga hagu zuwa dama. Yaro ɗan shekara bakwai ke nan yana riƙe da siffa biyu ta kowane harafi a kansa. Ba a koyar da wannan daga gaban allo. Sai malama ta zauna a gefensa, hannunta a kan nasa, ɗigo bayan ɗigo, ta gama da shi ta matsa ga na gaba. Dalili ke nan da manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 10 a makarantun musamman.

Kayan aikin ma ba su da araha. Na'urar buga birel ta Perkins kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, kuma in ta lalace masu gyaranta ƙalilan ne. Shafi ɗaya na littafin masu gani yakan cinye shafi biyu zuwa uku na birel, saboda haka littafin lissafi guda ɗaya kan zama tulin kundaye. Inda babu littafin, malami ne zai zauna bayan an tashi ya kwafe darasin gobe da hannunsa. Taswira, da zanen zuciya, da kusurwoyin lissafi, duk sai ya ƙera su da zare da kwali da gam, yadda yatsa zai iya bi.

Yaron da ya zo makaranta babu harshe

Matsalar kurma ta sha bamban, kuma ta fi zurfi fiye da yadda ake ɗauka. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne. A gida akan yi musu nuni na ci, da sha, da zo, da tafi, amma babu mai ba su labari, babu mai yi musu tatsuniya, babu mai amsa musu "don me?" Irin wannan yaro kan iso makaranta yana ɗan shekara takwas ko goma ba shi da cikakken harshe ko ɗaya. Kafin malami ya koya masa lissafi, sai ya fara ba shi harshen da zai yi tunanin lissafin da shi.

Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu tun kafin zuwan makaranta, wato maganar hannu, wadda ake yi a kasuwa da majalisa. Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano, ta wallafa littafi a shekarar 2000. Makarantu kuwa da alamomin da suka samo asali daga na Amurka suke koyarwa, gadon aikin Foster. Yaro ke nan yana tsakanin nunin gida, da maganar hannun gari, da ta makaranta, ga kuma Turancin littafi da bai taɓa jin sautinsa ba.

Malamin kurame yana da ƙa'idojin da jikinsa kan saba da su. Ba ya magana yana fuskantar allo. Ba ya tsayawa taga na bayansa, don kada fuskarsa ta yi duhu, domin gira da baki da kumatu duk suna cikin nahawun harshen. Yakan jera bencina su yi rabin da'ira yadda kowa zai ga hannun kowa. In yana son hankalin aji, sai ya ɗaga hannu ko ya buga ƙafa a ƙasa. Babban abin baƙin ciki a wannan fanni shi ne a turo malamin da bai iya maganar hannu ba. Sai ya cika allo da rubutu, yara su kwafe tsaf da kyakkyawan rubutu, alhali ba su san abin da suka kwafa ba. Shi ya sa malamai kurame suke da daraja ta daban: harshen nasu ne, kuma ganinsu kaɗai yana gaya wa yaro cewa shi ma zai iya zama wani abu.

Waɗanda larurarsu ba ta ganuwa

Makaho da kurma aƙalla an san abin da ke damun su. Waɗanda suka fi shan wuya a makarantar unguwa su ne masu larurar da ba ta da sanda ko keke. Sunayen da ake ba su sanannu ne: daƙiƙi, mai taurin kai, marar ji, sakarai. Bulala kan biyo baya, daga nan sai fashin makaranta, daga fashi sai uba ya ce, "Malam, tunda ba ya ganewa, gara in kai shi gareji."

Akwai larurar da masana ke kira disleksiya, wadda ke hana yaro haɗa sauti da harafi cikin sauƙi ko da basirarsa ta kai ta kowa. Maganinta koyarwa ce dalla-dalla: sauti ɗaya, harafi ɗaya, a faɗa, a rubuta a ƙasa da yatsa, a ƙera da laka, a maimaita gobe. A nan Hausa tana da fa'ida babba, domin rubutunta yana bin furuci kusan sak, ba kamar Turanci ba. Shirye-shiryen koyon karatu da Hausa, irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, a kan wannan tushe aka gina su. Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Gogaggen malami kan ba shi aikin raba littattafai ko goge allo, ya gutsura masa aikin aji kashi-kashi. Akwai mai larurar otizim, wanda hayaniya ke firgita shi, sauyin tsari ke ruɗa shi. Shi yana son sanin abin da zai biyo bayan wane, a hoto in da hali.

Wasu buƙatun ba su cin ko sisi, sani kawai suke so. Zabiya yawanci ganinsa yana da rauni: a zaunar da shi gaba, a yi masa rubutu manya-manya, a bar shi ya sa hula mai baki, kada a tsayar da shi a rana. Mai amosanin jini a bar shi da gorar ruwansa, a ba shi izinin fita bayan gida ba tare da dogon bincike ba, a ɗauke masa aikin ƙarfi. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa ko yawu; in ta tashi, a kawar da abin da zai ji wa yaro ciwo, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Malamin da ya yi wannan a natse a gaban aji ya koyar da darasin da zai bi yaran har gidajensu. Gwajin farko ma ba ya buƙatar asibiti: a tsayar da yaro a bayan aji ya rufe ido ɗaya ya karanta allo, ko a tsaya bayansa a kira kalma a hankali a ga ko zai maimaita. Yara da yawa da aka yi shekaru ana kira daƙiƙai, tabarau kawai suke buƙata.

Masu hazaƙa ta musamman su ma suna cikin lissafi. Gwamnatin tarayya tana da makarantarsu a Suleja, Jigawa tana da tata a Bamaina, amma mafi yawansu suna nan a ajin unguwa, kuma in ba a ba su abin da zai ƙure tunaninsu ba, sai a wayi gari su ne fitinannun aji.

Hanyar da aka gwada ta yi aiki

Tambayar da malamai ke yi ita ce, yaya mutum ɗaya zai bi yara tamanin ɗaya bayan ɗaya? Wata amsa ta fito daga Indiya, inda ƙungiyar Pratham ta ɓullo da tsarin koyar da yaro daidai inda ya tsaya. Ana yi wa kowane yaro ɗan gajeren gwaji baki da baki, a ga ko bai san harafi ba, ko ya san harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko yana iya karanta labari. Sai a ware wani lokaci kowace rana a raba yara bisa wannan mataki, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba. Wanda ya ƙware a matsar da shi gaba nan take. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin masanan da suka gwada tsarin shekara da shekaru suka tabbatar da amfaninsa. An gwada shi a Borno, haka kuma a Kano an fara shi a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane tsarin da kallo ɗaya. Bai ɗauke buƙatar malamin birel ko na maganar hannu ba, amma yana tsamo yaran da aka bari a baya, ya kuma fito da wanda matsalarsa ta wuce ta rashin koyarwa, don a nema masa taimako na gaba.

Inda gizo ke saƙa

Ƙa'ida ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A makarantun birni da yawa a Arewa aji kan haura ɗari, wasu a kan benci, wasu a ƙasa. Malamin da bai gama kiran rajista ba sai rabin lokaci ya tafi, ina zai samu sukunin lura da wanda ke matse ido?

Kuɗi ma haka. Daga asusun Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin ɗari ne aka ware wa ilimi na musamman, a raba wa jihohi 36 da Abuja. Ɗalibin kwalejin ilimi da ba wannan fanni ya karanta ba, abin da yake samu a kai ɗan gabatarwa ne, yawanci ba tare da ya taɓa riƙe allon birel ba. Dokar 2019 ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma har yanzu akwai ɗalibin da sai abokai sun ɗaga shi sun haura da shi matakala, akwai kuma yarinyar da ke ƙin shan ruwa tun safe saboda bayan gidan makaranta ba ya shiguwa gare ta.

Sai kuma gida. Akwai iyayen da ke ɓoye yaro a ɗaki don gudun bakin mutane. Akwai masu cewa, "Haka Allah ya yi shi," su tsaya nan, alhali yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani, ba ta kuma hana neman ilimi. Sau da yawa malami ne ke taka sayyada har ƙofar gida, ya yi sallama da maigida, ya zauna a dakali ya yi ta lallashi: "Alhaji, a ba mu shi zango ɗaya kawai, a gani."

Duk wannan yana da nauyi a zuciya. Ci gaban irin waɗannan yara a hankali yake zuwa. Abin da aka gina a zango guda, dogon hutu kan rushe rabinsa. Malami kan koma gida da ciwon kafaɗa da tunanin yaron da bai zo ba yau. Shigar da yaro mai larura ajin kowa da kowa ba tare da horo da kayan aiki ba, ajiye shi kawai aka yi, ba koyar da shi ba. Don haka gardamar ko makarantar musamman ta fi ko ta haɗaka ba ta da amsa guda. Makahon da ya ƙware a birel yana iya zama da masu gani ya yi fice. Kurma kuwa yana buƙatar abokan da zai yi hira da su da harshensa. In aka jefa shi shi kaɗai cikin masu ji babu tafinta, kaɗaici aka ƙara masa.

Abin da ke riƙe malami a wannan aiki

Duk da haka akwai malaman da aka yi wa tayin canjin wurin aiki suka ƙi. Dalilinsu yana cikin abubuwan da ba a rubutawa a takardar sakamako. Ranar da yatsan yaro ya tsaya a kan ɗigo ya karanta sunansa da kansa. Ranar da yarinya kurma ta gane cewa kowane abu yana da suna, ta riƙa jan rigar malama daga taga zuwa ƙofa zuwa bishiya tana neman alamar kowanne. Ranar da ɗalibai kurame suka raɗa wa sabon malami suna da hannu, daga tabarau ɗinsa ko yanayin tafiyarsa, wanda a al'adarsu alama ce ta cewa ya zama nasu. Da ranar da uwar da ta kawo ɗanta tana sunkuyar da kai ta dawo taron iyaye ta zauna a sahun gaba, ta ce, "Malama, jiya shi ya karanta mini takardar asibiti. Allah ya saka da alheri."

Akwai kuma ribar da ke komawa ga sana'ar kanta. Malamin da ya koyar da makaho ya daina cewa "wannan da wancan" yana nuna allo. Ya koyi faɗin abu da sunansa. Wanda ya koyar da kurma ya koyi nuna abu a zahiri kafin ya yi bayani. Wanda ya zauna da mai jinkirin fahimta ya koyi gutsura darasi, da tambayar yaro ɗaya-ɗaya maimakon dogaro da amsar taro. Duk waɗannan dabaru sauran yara ma suna cin moriyarsu. Su kansu 'yan ajin, wanda ya saba tura keken abokinsa zuwa tara, ko karanta masa abin da ke allo, ko ya koyi gaisuwa da hannu, zai girma yana ganin mai larura a matsayin abokin karatu, ba abin tausayi ba.

Sakamakon yana fitowa fili. Jibril Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa a Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, kuma kowace shekara ɗaruruwa ke zama. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai malamin da ya taɓa riƙe hannunsa a kan ɗigo na farko.

Aikin da ke gaba

Abin da ake buƙata a bayyane yake, kuma yawancinsa doka ta riga ta faɗa. Kowace makarantar gwamnati ta samu ma'aikacinta da aka horar. Inda hakan bai samu ba tukuna, ƙaramar hukuma ta ɗauki ƙwararrun malamai masu zagayawa, kowanne da makarantun da yake bi. A riƙa gwada ido da kunnen kowane yaro a shekararsa ta farko. Kwalejojin ilimi su mayar da maganar hannu da birel darasin aiki da hannu ga duk mai neman shaidar malanta. A ɗauki kurame da makafi da suka yi karatu aikin koyarwa. A ba malaman wannan fanni alawus ɗinsu a kan kari, a kuma daina tura wanda bai san aikin ba. Limamai da masu unguwanni su sa baki a fito da yaran da ke ɓoye a ɗaka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an daɗe ana barin malami yana ɗauka shi kaɗai. Ya nuna cewa yaran nan suna koyo in an koyar da su. Saura gwamnati ta biya kuɗin da doka ta ɗora mata, iyaye su kawo 'ya'yansu, al'umma kuma ta riƙa auna makaranta da yadda ta yi da ɗalibinta mafi rauni, ba da kyautar da na ɗaya ya ciyo kaɗai ba.